Abin da Na Rubuta a Bayan Littafin Habi

Gwarzo,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na san za ki yi murmushi, domin bango ɗaya ne tsakanina da ke, yanzu haka ma ina jin ki kina kokawa da zif ɗin jakarki. Allah Ya kai ki Jos lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar jinyar nan, Ya sa ki fito da abin da kika je nema.

Kin san ni da nauyin baki. Maganar da ta fi damuna ita ce ba na iya faɗa ido da ido, shi ya sa na ɗauki biro. Batun salla da karatu da kama kai Babanki ya yi miki jiya, kuma ba ni da abin da zan ƙara. Tawa maganar a kan Ma'u ce.

Ranar Litinin da hantsi kina zaune a tsakar gida kina tsintar shinkafa, wayarki a kan tabarma. Ma'u, 'yar ƙanwata marigayiya Habi, ta turo miki shirin hirar ban dariya da ita da ƙawarta suka ɗauka a waya can Kabo. Ta ce shi ne na farko, kuma ba wanda ya ji shi tukuna sai ke. Kika saurara kaɗan, kika tsayar, kika yi mata saƙon murya kina dariya: "Ma'u, kun yi ƙoƙari fa, amma ku biyu kaɗai kuke ta dariyarku. Na ji rabi, sauran sai na samu lokaci." Kika ci gaba da tsintarki. Ita kuma ta amsa da "To, na gode." Tun daga ranar ba ta sake kira ba, yarinyar da take kiranki sau uku a yini. Kin ce wataƙila ba su da wuta ne. Ummi, ba wuta ba ce. Jiya na kira matar babanta mu gaisa, ta ce ƙawar ta zo don su ɗauki na biyu, Ma'u ta ce kanta ke ciwo, ta sallame ta daga bakin ƙofa.

Ba faɗa zan yi miki ba. Da na ji saƙon nan naki ina cikin madafa, sai da na ajiye muciya, saboda muryata na ji. Har yadda kika ja kalmar "ƙoƙari" irin nawa ne. A wurina kika ɗauka, don haka ya zama dole in gaya miki inda wannan hali ya kai ni.

Ni yarinya ce mai tsananin kunya a Durun. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Da na gama sakandare aka yi mini aure muka zauna a Unguwar Tudu, sai matan unguwa suka fara kirana Malama, don ni nake karanta musu wasiƙa da takardar asibiti. A taro ba na iya hira. Amma na gano wata dabara: idan na jefa 'yar gajeriyar magana ta raini a kan wani abu, sai a fashe da dariya, ni kuma in koma in yi shiru, an san dai ina wurin. Ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ra'ayi ne kawai, kowa yana da nasa.

Akwai maƙwabciyarmu Talatu. Ta so ta fara sana'ar zoɓo, amma ba irin na kowa ba. Ta daɗe tana gwaji a ɗakinta, tana sa citta da kanumfari da ɓawon abarba da ɗan masoro, har ta samu haɗin da ya kwanta mata. Kin san idan mace za ta fara sana'a takan kai wa maƙwabta ɗanɗano. Da kanta ta kawo mini, a kofin silba da murfi, ta tsaya tana goge hannu a zani. Na ce ta ajiye, zan sha. Na kuwa shanye tas, har na ɗaga kofin don ɗigon ƙarshe. Cittar ta ɗan yi yawa, shi ke nan aibinsa.

Bayan kwana biyu muna gidan suna, wata ta ce, "Malama, kin sha zoɓon Talatu kuwa?" Na ce na sha, har tarina ya warke. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce to a kai wa mijinta kwalba biyu, ya hana ta barci da tari. Talatu tana bakin ƙofa, ita ma ta yi dariyar. Daga ranar sunan zoɓonta ya zama maganin tari. Ba ta daina sana'a ba, amma ta zubar da haɗinta, ta koma jan ruwa da sukari irin na kowa. Na sha saya a wurinta bayan haka, ban sake jin wancan ɗanɗanon ba, ban kuma taɓa gaya mata na shanye kofin ba. Sun tashi daga unguwar tun kina goye.

Don haka, Ummi, idan mutum ya kawo miki abin da ya yi da hannunsa, a hannunsa za ki mayar masa da magana, ba a cikin taro ba. Kuma idan kika ga maganarki za ta ba mutane dariya, ki fara duba wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

Na biyu Babanki na yi wa. Kin taso kin ga yana jin rediyonsa a zaure, wataƙila kin ɗauka tun asali haka yake. A'a. Farkon aurenmu a tsakar gida yake ji, kusa da ni. Akwai shirin da ake sa kiɗan noma da la'asar, irin wanda makaɗa ke yi wa manoma a gayya. Ba ya bari ya wuce shi. Ni kuwa a lokacin waƙoƙin zamani nake so, ina ganin na waye. Wata rana ina shara na ce, "Malam, wannan kiɗan naka ai sai ka ce akuya ta maƙale a danga." Ya yi murmushi, ya rage murya. Sati na gaba ya ɗauki rediyon ya fita zaure, ya ce a can ya fi kamawa.

Sai bayan shekaru Goggonki Rabi ta gaya mini, muna sussukar gero, cewa mahaifinsu ya rasu Babanki yana ɗan shekara tara. Abin da ya fi tunawa da shi, shi ne ranar wata gayya, mahaifin nasu yana gaba da garma, makaɗi yana biye da shi yana kiran sunansa. Fuskarsa ma ba ya iya tunawa sosai, sai wannan kiɗan. Ranar da na ji haka na rasa inda zan sa kaina. Na kasa ba shi haƙuri kai tsaye, sai na ce ya dawo da rediyon ciki mana, zauren akwai sauro. Ya ce, "Bar shi, Malama, na saba." Har yau a can yake ji.

A makaranta za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata daga ko'ina. Wata za ta kunna waƙar garinsu da ba ki jin ko kalma ɗaya, wata za ta riƙe littafin da kike ganin shirme ne tana hawaye a kansa. Kafin ki ce komai, ki tambaye ta me take so a ciki. Sau da yawa akwai wani mutum a bayan waƙar. Za ki kuma haɗu da waɗanda ba addininmu ɗaya ba, har ki ji suna gardamar gidan wa ya fi iya dafa burkutu a ƙauyensu. Wannan kin san hukuncinsa a kanki, ki nisance shi, kuma idan an miƙo miki ki ce ba kya sha, ba tare da kunya ba. Abin da Allah Ya hana daban, abin da bai yi miki daɗi ba daban. Ni na daɗe ina haɗa su, ina yanke hukunci a kan ɗanɗanon mutane kamar an naɗa ni alƙali.

Yanzu sai maganar da na daɗe ina kewayewa.

Kin san Innarki Habi, amma kina ƙarama ta rasu, ba ki san irin ban dariyarta ba. Shekara uku na ba ta. Ni shiru, ita kuwa idan ta shiga gida sai an san ta shigo. Tana iya kwaikwayon kowa, daga mai unguwa har malamin lissafinmu. Ba ta gama sakandare ba, a aji uku ta tsaya, ta auri telan da take so a Kabo. Amma ta fi ni son karatu nesa ba kusa ba.

A wancan lokaci waya ba ta yawaita ba, littafi muke karantawa. Ana aro daga gida zuwa gida har bangonsa ya cire. Wasu matan kuma sukan rubuta nasu labarin a littafin rubutu na 'yan makaranta, a sa a leda, ya yi ta zagaya gidajen ƙawaye da dangi. Al'adar ita ce mai labarin ta bar ganyen ƙarshe babu rubutu. Duk wadda ta karanta sai ta rubuta ra'ayinta a layi ɗaya ko biyu, ta sa sunanta. Idan ya gama zagaye ya dawo, mai shi ta zauna ta karanta abin da aka ce. Muna kiransa shafin baya.

Habi ta yi damina guda da kaka tana rubutu. Labarin wata ungozoma ce mai tsoron jini, wadda ta gaji sana'ar ba da sonta ba, take yawo ƙauyuka tana karɓar haihuwa ido a rufe. Littafi uku ta cika. Ta hau mota da tsohon cikin Ma'u ta kawo mini har Unguwar Tudu, ke kina rarrafe. Ta ce ba ta ba kowa ba, ko mijinta bai gani ba. Ta ce, "Yaya, ke za ki buɗe shafin baya. Ke kika yi boko, in kin ce ya yi, to ya yi." Na ce ta bar shi zan duba.

Na karanta na farko a yini ɗaya. Na yi dariya har na riƙe ciki, har Babanki ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na shiga na biyu, na kai tsakiya, sai na ajiye. Ba don ya gundure ni ba. Wani abu ne ya tokare mini ƙirji. Ni ce na gama makaranta, ni ake kira Malama, amma ban taɓa rubuta ko shafi ɗaya na kaina ba, ga yarinyar da nake yi wa aikin makaranta muna yara ta cika littafi uku. A lokacin ban kira abin da sunansa ba. Cewa na yi aiki ne ya yi mini yawa.

Littattafan suka yi kwana tara a ƙarƙashin katifata. Ran na goma wata 'yar uwarmu da za ta wuce Durun ta biyo, ta ce Habi ta ce ta karɓa, mata na can suna jira. Ina tsaye ina suyar ƙosai. Na goge hannu, na ɗauko na ukun, na buɗe shi ta baya, na jingina shi a bango na rubuta: "Ba laifi, amma ya yi tsawo. Na yi gyangyaɗi a na biyu." Na sa sunana. Na koma kan kasko kafin ƙosan ya ƙone. Wallahi, Ummi, ban yi gyangyaɗi ba. Na ga kamar zai yi daɗin karantawa ne kawai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk wadda littafin ya je hannunta, layina take fara gani. Malama ta ce ya yi tsawo, wace ce ita da za ta ce ba haka ba? Mata goma sha ɗaya suka rubuta a ƙarƙashina. Kusan dukkansu maganata suka maimaita, wata ta ce ita ma ta yi gyangyaɗi, wata ta ce a rage. Mace ɗaya ce daga Durun ta rubuta cewa ta yi dariya har tuwonta ya kama, ita ma can ƙasa ta rubuta, da ƙananan baƙaƙe, kamar mai neman gafara.

Habi ba ta taɓa yi mini maganar ba. Da muka je gaisuwar Salla, tana goye da Ma'u, na tambaye ta ina labari na gaba. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, ai na bar ki ki huta da gyangyaɗi." Sai ta turo mini kwanon nama gabana, ta shiga kwaikwayon yadda surukarta ke cinikin daddawa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina ashe ba ta ji haushi ba.

Ba ta canza mini ba ko kaɗan. Duk haihuwar da na yi ita ce ta farkon zuwa. Sai dai ban sake ganin biro a hannunta ba. Ta koma sa wa mijinta maɓalli a riguna. Idan ana hirar littafi sai ta ce ita yanzu idonta ba ya son ƙananan rubutu. Na sani, Ummi. Ba zan ce ban sani ba. Shekara tara ina wucewa ta Kabo, ina shiga gidanta, ina cin abincinta, kullum ina cewa yau zan gaya mata cewa na yi ƙarya, labarinta ya ba ni dariyar da ban taɓa yi ba. Sai in ga akwai mutane, ko in ga tana cikin fara'a in ce kar in tayar da tsohon zance. Kunyar da ba ta hana ni rubuta wancan layin ba, ita ta hana ni goge shi.

Ciwon da ya ɗauke ta kwana shida ya yi. Bayan arba'in mijinta ya kira ni in raba kayanta. A ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan aurenta, na samu ledar. Littattafan uku ne, da na huɗu sabo, wanda ta fara wani labarin. Shafi huɗu ta rubuta, ta tsaya a tsakiyar magana.

Na kawo su gida. Da rana tsaka, bayan kun tafi makaranta, na zauna na ƙarasa na biyu, na karanta na uku har ƙarshe. Inda labarin ya ƙare ta ja layi, ta rubuta a ƙasa: "Na yi wannan ne don Yayata ta yi dariya, domin ba ta cika dariya ba." Na juya. Ganye biyu ne tsakanin rubutunta da nawa. Ranar da nake suyar ƙosai, da na buɗe littafin ta gaba maimakon ta baya, da na gani.



Ba cewa nake ki riƙa ƙarya ba. Ma'aikaciyar jinya za ki zama, ranar da za ki faɗi gaskiya mai ɗaci tana nan zuwa, kuma ina so ki iya. Abin da bai yi kyau ba, bai yi ba. Amma kar ki yanke wa abu hukunci ba ki kai ƙarshensa ba, kuma kar ki faɗi magana don kawai ta yi daɗin fita. Wanda ya tsallake kowa ya kawo miki abinsa ke ta farko, ba ra'ayin gari yake nema ba. Naki yake nema, kuma duk abin da kika ce, da shi zai auna kansa. Ke kin manta da saƙonki kafin shinkafar ta nuna. Ita tana iya yin shekaru tana jin sa.

Akwai abin da zan nemi ki yafe mini. Ranar Talata da kika tafi kitso kika bar wayarki a caji, na ɗauka na kunna shirin Ma'u. Na ji shi daga farko har ƙarshe, na sake maimaitawa. Ba zan gaya miki ko ya yi kyau ko bai yi ba, don ba na so ki bi layina kamar matan can. Abu ɗaya zan faɗa: kafin ta saki maganar dariya takan ɗan ja numfashi ta hanci, daidai yadda uwarta take yi. Ba wanda ya koya mata. Ban kuma kira ta na gaya mata na ji ba. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye. Ko na yaba, za ta ce Umma ce take lallashinta. Ke ta turo wa.

Ranar Asabar Babanki zai raka ki har tashar Kano, kuma ta Kabo za ku wuce. Na roƙe shi ku fita da wuri ku sauka a can ko na rabin awa ne, ku hau wata motar. Ya amince, bai tambaye ni dalili ba. Sauran yana hannunki, ba zan tilasta miki ba. Amma idan za ki ji tawa, kar ki yi da saƙon murya. Ki shiga har ɗakinta. Kafin nan, gobe Juma'a, ki ajiye haɗa kaya ki zauna ki saurari shirin duka. Idan kin gama kika ga akwai gyara, ki gaya mata wurin, ki gaya mata kuma inda kika yi dariya, da sunan abin da ya ba ki dariyar. Sannan ki tambaye ta yaushe za su ɗauki na biyu. Idan kika wuce Kabo ranar Asabar ba ki tsaya ba, sai hutun ƙarshen zango, kuma ni na san yadda wata uku ke zama shekara tara.

Allah Ya tsare mini ke a tafiya da zama. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare harshenki fiye da yadda na tsare nawa. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Idan kin idar da salla ki riƙa sa Innarki Habi a addu'a, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka kabarinta. Ki roƙa mini ni ma, ko Allah Zai sa ta yafe mini a inda ba ni da sauran damar tambayarta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Umma.